Kuɗin wata na ƙungiyar unguwa: a ƙara, ko a fara gyara lissafi?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ranar Lahadi mun kira mitin bayan la'asar a harabar Islamiyya, mutum 11 ne suka zo, a cikinsu ma 5 'yan kwamiti ne, shi yasa shugaba yace a kawo maganar guruf tunda anan kowa yana da baki. Maganar kuɗin wata ce. Tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muke karɓar naira 1,000 a kowane gida, har yau bamu taɓa ba, alhali batirin tocila, man babur ɗin zagaye, shayin 'yan sintiri, komai ya ninka wani ma ya ninka har sau uku. Gidaje 160 ne a rajistarmu amma masu biya ba fashi basu wuce 60 ba. 'Yan sintiri 6 muke dasu kowa 10,000, kun ga kuɗin ya ƙare kenan kafin a sayi ko usur. Ga kwalbatin bakin layin masallaci ya rufta, ga damina ta kawo kai. Shawarar kwamiti itace gida ya koma 2,000, shago 3,000. Kowa ya faɗi ra'ayinsa amma don Allah banda zagi.

Mai Kemis: Wa alaikumus salam. Ni na yarda, tun da aka sa yaran nan ba a sake fasa min shago ba. Amma a duba, mai teburin alawa da mai shagon siminti ba ɗaya bane, kar a ce duk 3,000.

Maman Khalifa: Salam. Sakatare sannu da ƙoƙari, amma ni tambaya gareni kafin a zo kan ƙari. Dubu ɗayan da muke bayarwa ina lissafinta? Ba zargin kowa nake ba wallahi, amma shekara nawa ina turawa, abinda nake gani kawai sunan mutum ɗaya ne yake fitowa a waya idan na tura, ba sunan ƙungiya ba, ba rasit, ba komai, watan da na manta ma ba wanda ya tambayeni wanda ke nuna ko na biya ko ban biya ba ba lallai a gane ba. Kuma ku sani gidaje da yawa a layinmu mata ne ke biya, mazan suna Legas ko Abuja ko kasuwa, amma a kwamiti ba mace ko ɗaya, mitin kuma sai a sa shi lokacin da muke ɗora girkin dare. Waɗanda basa biya ɗin nan kun taɓa tambayarsu dalili? Ni nasan mutum uku da ba rashin kuɗi ne ya hanasu ba.

Anti Nas: Maman Khalifa kin rigani ne kawai.

Ma'aji: Innalillahi. To Hajiya tunda sunana ne yake fitowa ai ni ake nufi, ba sai an sakaya ba. Bari in faɗa kowa ya ji. Ban nemi aikin nan ba, a masallaci aka ɗora min bayan rasuwar wanda ke riƙe dashi, kuma asusun nawa aka ce a yi amfani dashi na ɗan lokaci kafin a buɗe na ƙungiya, ɗan lokacin ne har yau. Akwai littafi mai bango baƙi a shagona duk wanda ya bada hannu da hannu ina rubutawa, masu turowa ta waya ne matsalar, wani zai turo daga POS ba suna ba bayani, alat ya shigo tsakiyar na masu sayen kaya, sai dare na zauna ina ta lalube wannan na shinkafa ne ko na sintiri. Watan azumi da kuɗi basu cika ba daga aljihuna na cika ma yaran nan 18,000 don kar su yi sallah hannu rabbana, ban faɗa ma kowa ba sai yau. In ana ganin ci nake, gobe da safe a zo a karɓi littafin, ni ma na huta.

Maman Khalifa: Alhaji Allah ya huci zuciyarka, ban ce ka ci ba. Cewa nayi ba mu gani.

Baba Mai Ritaya: Ma'aji, zauna, ba inda za ka. Hajiya kuma ba ta yi laifi ba. Ku saurare ni, na yi aikin akawu a ƙaramar hukuma har na yi ritaya, irin wannan rigimar na ga ta fi a ƙirga, kuma sau da yawa babu ɓarawo a ciki, tsari ne babu. Mutumin kirki ma idan aka haɗa masa kuɗin jama'a da na kasuwarsa a aljihu ɗaya an zalunce shi, domin ranar da aka tambaye shi ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma umarnin da ke cikinta shi ne a rubuta, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, balle mu.

Abin da nake ba da shawara ba ya cin kuɗi. A buga rasit mai kwafi biyu da lamba a jere, mai biya ya tafi da ɗaya, ɗaya ya zauna a littafi. Wanda ke karɓa daban, wanda ke ajiya daban, wanda ke rubutawa daban. Kowane layi a sami mutum ɗaya mai karɓa, ya kai wa ma'aji ranar 5 ga wata, sakatare ya rubuta. Ƙarshen wata takarda ɗaya tak, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, a manna a allon masallaci a kuma ɗauki hotonta a sa nan. Masu turowa ta waya su rubuta lambar gidansu a wajen bayani. Kuɗin da Ma'aji ya cika kuma bashi ne a kan ƙungiya, a rubuta a biya shi, kada a ce masa Allah ya saka da alheri a wuce, haka ake kashe masu aikin sa kai ɗaya bayan ɗaya.

Dan Autan Layi: Baba Allah ya kara girma, wlh maganarka dutse

Mai Kemis: To asusun ƙungiyar fa, me ya hana a buɗe tun tuni? Barista kana ciki kayi shiru.

Barista: Ina karantawa ne. An taɓa zuwa banki ai, aka dawo, don banki ba zai buɗe asusu da sunan ƙungiya haka kawai ba sai da takarda. Cikakkiyar hanya itace rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, wato abinda ke sashen F na dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020. Sai mun rubuta kundin tsarin ƙungiya, mun zaɓi amintattu a mitin an rubuta bayanin zaman, an buga sanarwa a jaridu biyu ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan takarda ta fito. Bayan nan banki zai nemi lambar haraji da BVN na masu sa hannu, wasu bankunan har takardar SCUML, wato sashen EFCC mai hana halatta kuɗin haram, suke tambaya. Kuma ba a gama ba, duk shekara sai an kai ma CAC rahoto in ba haka ba tara na taruwa, ƙungiyoyi da yawa anan suke faɗuwa, a yi rajista da ɗoki a rataye satifiket a bango a manta.

Ni aikina zan yi kyauta amma kuɗin jarida da na hukuma ba nawa bane, kuma a halin da asusunmu yake zai cinye alawus ɗin 'yan sintiri na wata da watanni. Shawarata a fara da rajistar ƙaramar hukuma a sashen raya al'umma, inda ƙungiyoyin taimakon kai da kai suke yi, da takardar mai unguwa, wannan mai sauƙi ce kuma ita ce ma zata bamu fuska in zamu rubuta ma shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa. Kafin nan a buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, kuɗi baya fita sai biyu sun sa hannu, ba katin ATM. CAC ɗin a sa ta a gaba zuwa baɗi.

Maman Khalifa: A cikin ukun nan a sa mace.

Shugaba: An karɓa Hajiya. Ku zaɓo da kanku ku bamu suna.

Ɗan Haya: Salamu alaikum, ni baƙo ne shekarata biyu a unguwar nan kuma ina biya, amma akwai abinda ke damuna na rasa inda zan faɗa. Kuɗin sintiri na yarda dashi ɗari bisa ɗari don wayata da babur ɗina ake tsarewa. Amma kwalbati da cikon hanya da turakun wuta, wannan ai gidan mai gida ake ƙara ma daraja, ni baɗi in ya ƙara min haya saboda layi ya gyaru tattara kayana zanyi, kenan na biya kuɗin da aka kore ni dashi. Na biyu, gidan da nake mu 8 ne masu ɗaki ɗai-ɗai, a rajista gida ɗaya ne, to wani wata a zo a ce kowa ya bada dubu wani wata a ce mu haɗa dubu, ya danganta da wanda ya zo karɓa. Sannan ga gidan sama mai mota huɗu shima dubu ɗaya. Ina adalci anan?

Alhaji Na Kwana: Malam ɗan haya, ruwan da ya shiga ɗakuna bara katifar wa ya jiƙa, tawa ko taku? Ni gidana yana kan tudu. Kwata ta kowa ce.

Ɗan Haya: Alhaji yashe kwata daban gina kwalbati daban. Yashewa zan fito da shebur ɗina. Siminti da rodi kuma na masu ƙasa ne.

Alhaji Na Kwana: To naji wannan. Amma a daina maganar mota huɗu, kowa yasan gidan da ake nufi, kuma taransifoma da ta ƙone wancan karon wa ya bada rabin kuɗin?

Baba Mai Ritaya: Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuɗin ne iri biyu aka zuba a tukunya ɗaya. Na wata-wata, wato sintiri da shara, a kan kowane magidanci yake, mai gida ne ko ɗan haya, sai dai mai ɗaki ɗaya a sa masa 500 kada a haɗa shi da mai gida sukutum. Na aiki kuma, kwalbati ko cikon hanya, karo-karo ne na lokaci ɗaya a kan masu gidaje, har da waɗanda ba sa zaune a unguwar suna karɓar haya daga nesa, su ma a nemo lambobinsu. Kuma kada a taɓa ɗaukar na sintiri a sayi siminti da niyyar za a mayar, ba a mayarwa.

Injiniya: Tunda Alhaji ya taɓo taransifoma bari in sa baki, don abin yana min ciwo har yau. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta sha faɗa cewa sayen taransifoma, turaku da waya ko gyaransu ba nauyin mai amfani da wuta bane, nauyin kamfanin rarraba wuta ne, in kuma al'umma zasu saya da kuɗinsu to a yi yarjejeniya a rubuce tun farko yadda za'a mayar musu. Mu me mukayi? Mun kwana uku a duhu hankali ya tashi, aka bi gida-gida, aka tara, aka gyara, ba takarda ba komai, washegari bil ya zo kamar kullum. Akwai hanyar ƙorafi, ka fara rubuta ma sashen ƙorafi na kamfanin, in basu yi komai ba ka wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC, amma ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya don ba mu da mai bin takarda. Ƙungiyar unguwa ba gwamnati bace jama'a, rabin aikinta ya kamata ya zama matsa ma waɗanda aikin yake wuyansu, in muka ce komai mu zamu saya to ko 10,000 aka sa a wata ba zai isa ba. Kwalbatin nan ma aikin ƙaramar hukuma ne, tun Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna da kansila a mazaɓar nan, ya taɓa ganin wasiƙa daga wajenmu mai tambari da sa hannun mutum 100?

Dan Autan Layi: Injiniya wasika kuma? hhhh kafin a amsa ruwa ya tafi damu

Injiniya: Ka rubuta ɗin kana yashe kwatarka, ɗaya baya hana ɗaya.

Shugaban Matasa: Yawwa an zo wajen. Iyayenmu kuyi hakuri zan dan yi tsauri. Kowa yana maganar kudi ba wanda yayi maganar wadanda ke shiga cikin kwatar. Duk asabar din karshen wata ta tsaftar muhalli daga 7 zuwa 10 mu ne dai, mu 15 din nan, fuskokin basa canzawa, sauran samari suna kwance suna danna waya iyayensu kuma suna cikin guruf din nan. Kwatar bayan makaranta sai ka shiga har gwiwa, ledar fiya wata, kunzugun yara, robar lemo, mataccen kaza, kwalba fasasshiya, da silifas muke shiga ba safar hannu ba takalmin roba, watan jiya kwalba ta yanke wani yaro a tafin kafa Anti Nas ce ta wanke ta dinke ta sa aka masa allurar tetanus da kudinta. Shebur 4 garemu daya ba kota, baro 2 daya tayar ta fashe. Abinda yafi bata rai, mu kwashe mu tara a bakin hanya ba motar da zata dauka, kwana biyu awaki da yara su baje, ruwan farko ya mayar dashi inda muka ciro. To aikin me mukayi? Ni bana neman a biyamu, aikin gayya ne, amma a sa kudin kwashe sharar a lissafi ko tifa daya ce, a sai mana kayan aiki, a kawo ko kunu ne da kosai. Sannan 'yan sintiri yau 12 ga wata basu ga na watan jiya ba, mutum ya kwana a waje da gora da tocila yana fuskantar masu kwacen waya da wuka akan 10,000 ita ma sai ya bi.

Anti Nas: Gaskiya ne, raunin nan ba ƙarami bane. Kuma ruwan da ke kwanciya a kwatar nan shine sauron da ke cika mana asibiti da yara duk damina, kuɗin maganin zazzaɓi na yaro ɗaya yafi kuɗin wata da ake ta ja-in-ja akai. Kunu da ƙosai matan layinmu mun ɗauka.

Shugaba: Shugaban matasa, maganarka ta shiga. Na 'yan sintiri gobe insha Allah za a basu ko da rabi ne.

Honarabul Na Gobe: Jama'a duk wannan wahalar ta me? Na faɗa ma shugaba tun wancan satin, akwai wani bawan Allah mai neman takara da yace zai bada 500,000 a yi kwalbatin, ya ƙara da rigunan 'yan sintiri da tocila, abinda kawai yake so a sa ɗan allo da sunansa a kuma bashi dama ya gaisa da jama'a ranar buɗewa. Kuɗi na neman mu muna gudu.

Malam Liman: Honarabul, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Unguwar nan akwai 'yan kowace jam'iyya, a Kano kuwa kun san yadda siyasa take raba wa da ƙani. Ranar da aka ga hotonsa a bayan rigar ɗan sintiri, rabin masu biyan nan 60 za su ce ƙungiyar ta zama ta su wane, su janye, shi kuma bayan zaɓe ko ya ci ko ya faɗi ba za mu ƙara ganinsa ba, a bar mu da rabin mutane.

Honarabul Na Gobe: Allah gafarta Malam to in mun ƙi ai unguwar gaba zai kai, su samu kwalbati mu samu ambaliya.

Mai Kemis: Ni dai a karɓa. Kuɗinmu ne dama suke dawo mana dashi.

Maman Khalifa: A karɓi siminti kar a karɓi riga.

Barista: Hajiya ta taƙaita. A sa a kundin tsari kawai: ƙungiya na karɓar gudummawa daga kowa, ɗan siyasa ko ɗan kasuwa, a rubuta sunansa a takardar wata kamar kowa, amma ba allo, ba hoto a kayan sintiri, ba taron siyasa da sunan ƙungiya, kuma ɗan kwamitin da ya fito takara ya sauka. In ya yarda da haka don Allah ya bayar, in ya fasa kun gane abinda ya zo saye. Kuma gara ya kawo kayan da kansa, buhun siminti kaza rodi kaza, a ƙirga a gaban jama'a, kuɗi a hannu shi ke kawo an bada miliyan an ce rabi.

Honarabul Na Gobe: Ba allo fa ba zai bayar ba, na san mutumina.

Injiniya: To ka ga amsa.

Alhaji Na Kwana: Malam ina da tambaya. Mu da muke fitar da zakka, ba za a iya zuba wani abu a asusun ƙungiya ba a yi kwalbatin dashi? Ai amfanin jama'a ne.

Malam Liman: Alhaji, zakka Allah da kansa ya raba ta gida takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, ba su ga a gina hanya ko gada ko ma masallaci da ita ba, haƙƙin mutane ne a damƙa musu. Inda za ta yi mana amfani shi ne gidajen marayu da zawarawa da tsofaffin da ke cikin gidaje 100 ɗin nan da ba sa biya, wasunsu abincin dare ma gagararsu yake. Kwalbati kuwa ƙofar sadaka mai gudana a buɗe take, da wakafi. Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Mai hali a cikinmu zai iya tsayar da shago ɗaya ya ce hayarsa ta unguwa ce har abada, a rubuta da shaidu don kada magada su tashe ta, wannan ya fi a riƙa bin mutane da kokon bara duk wata.

Yaya Daga Jidda: Salam 'yan uwa, ina bin ku daga nan. Mu da muke waje akwai mu kusan 10 'yan unguwar nan tsakanin Saudiyya, Abuja da Fatakwal, kuma wallahi muna son taimakawa don iyayenmu na nan, abinda ke sa mu ja baya shine ka turo kuɗi shiru, ko hoton aikin baka gani ba. In aka buɗe asusun nan aka fara sa takardar wata, ni zan haɗa su. Shawara kuma, me zai hana a yi burtsatse mai sola a filin bayan Islamiyya a riƙa saida ruwa da rahusa, kuɗin ya riƙa biyan 'yan sintiri? Unguwar da ƙanwata take aure haka sukayi.

Injiniya: Yaya shawara ce mai kyau amma ba ta bana bace. Haƙa, tanki, faranti, famfo, ƙarfen ɗora tanki, miliyoyi ake magana, kuma wanda bai iya lissafin 60,000 ba kar ya fara da kasuwar ruwa, don kullum tsabar kuɗi ne ƙanana a hannun yaro mai tsaron famfo. Sai an ware na gyara tun ranar farko, in ba haka ba famfo na ƙonewa a koma bin gida-gida, burtsatse nawa kuka gani a garin nan a mace da allon wanda ya gina a jiki? Ga filin ma na waye, a tabbatar da takarda. Ga 'yan garuwa da suke ci daga nan, gara a saida musu a kura su kai gidaje da a ce za'a kore su.

Dan Autan Layi: ni dai shawarata masu kin biya a lika sunansu a masallaci kowa ya gani, kuma in barawo ya shiga gidansu kar dan sintiri ya busa usur

Anti Nas: A'a Auta, wannan tonon asiri ne. Akwai matar da mijinta ya rasu bara da yara 6, sunanta zaka liƙa?

Dan Autan Layi: ba irinsu nake nufi ba Anti, masu canza mota nake nufi

Baba Mai Ritaya: A liƙa sunan waɗanda suka biya, ba waɗanda ba su biya ba. Mai hankali zai nemi sunansa ya rasa. Gidajen da ba su da hali kuma Malam Liman da mai unguwa da mace ɗaya su zauna su fitar da su a asirce, a rubuta musu an yafe, ba wanda zai san su waye sai su ukun. Masu hali da suka ƙi, ba yara za a tura musu ba, dattawa biyu su je su yi sallama, yawanci kunya kaɗai ta isa. Ƙungiya ba ta da ikon tilasta wa kowa ko ƙwace kayan kowa, kada wani ya je ya jawo mana ƙara wajen 'yan sanda. Usur kuwa a busa wa kowa, ɓarawon da ya gama da gidan da bai biya ba katangarka zai haura.

Ma'aji: Baba naji duk, kuma na haƙura zan riƙe zuwa a buɗe asusun. Amma littafin nan ina so mutum biyu su zo su bi shi shafi-shafi da ni, da sitatimen ɗin bankina na shekara, in ya so a karanta sakamakon anan. Hajiya Maman Khalifa ina so ki zama ɗaya daga ciki.

Maman Khalifa: Na yarda Alhaji, ni da Baba. Amma da safe, bayan yara sun tafi makaranta.

Sakatare: To ƙarin kuɗin fa jama'a? Shine fa asalin maganar, har yanzu ba wanda yace eh ko a'a sai Mai Kemis.

Mai Kemis: Ni ma na ɗan ja baya. In gida 100 suka biya dubu ɗai-ɗai, ga 500 na masu ɗaki, ga shaguna, ai an wuce inda ake ba tare da an ƙara ma waɗanda dama su ke biya ba. Ƙarin nan mu 60 ɗin zai hau.

Shugaban Matasa: Amma 10,000 din yan sintiri fa ba zata tsaya jiran gida 100 ba, biyu sun riga sun ce min karshen wata zasu ajiye, daya ya samu gadi a wani kamfani

Shugaba: To ga yadda za a yi. Ba ƙari yanzu, a gwada rasit da takardar wata na wata uku a ga ko masu biya za su ƙaru, in ba su ƙaru ba a dawo kan 2,000 ba gardama. 'Yan sintiri a mayar da su 15,000 daga wannan watan, cikon na wata ukun ni da Alhaji Na Kwana za mu ɗauka, Alhaji ban tambaye ka ba amma na san ba za ka ba ni kunya ba. Barista da Injiniya ku rubuta wasiƙar kansila da ta shugaban ƙaramar hukuma, ranar Juma'a bayan an sauko a sa hannu a ƙofar masallaci, mata kuma Anti Nas ta zagaya da ita. Karo-karon kwalbati a kan masu gidaje, Injiniya ya kawo ƙiyasi tukuna kafin a yanka wa kowa.

Alhaji Na Kwana: Shugaba ka iya ɗaure mutum a bainar jama'a. Na ɗauka. Takalman roba guda 10 ma a zo shago a karɓa.

Ɗan Haya: Mu masu ɗaki ɗaya 500 ɗin ta tabbata ko sai an sake zama? Don mai gidanmu baya guruf ɗin nan, kuma shi zai fara cewa mu biya masa na kwalbati.

Barista: Turo min lambarsa ta gefe, ni zan kira shi.

Honarabul Na Gobe: Ni me zan ce ma mutumin nawa kenan?

Shugaba: Ka ce masa siminti muke so, buhu ko nawa ne, a sauke a ƙofar gidan mai unguwa.

Shugaban Matasa: Asabar karfe 7 a bakin kwatar bayan makaranta, duk mai shebur ko manjagara a gida ya turo yaro da ita, kuma wanda ya ari baronmu mai kyau tun bikin wancan watan don Allah ya dawo dashi, mun san gidan